Dalilin Da Ya Sa Giya Kaɗan Takan Kā Da Waɗansu Mutane

Ya kai mai karatu, ka sani jikunan 'yan Adam ba ɗaya ba ne wajen ɗaukar giya. Wani da ya kurɓi kaɗan sai fuskarsa ta yi zafi, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, kansa ya sara, amai ya taso masa. Abokan shansa sukan yi masa dariya, su ce rago ne. Ba ragonci ba ne, ga dalilin.

Kowace irin giya, ko burkutu, ko bammi, ko ta kwalba, in ta shiga ciki hanta ce ke aikinta, aikin kuwa hawa biyu ne. Da fari takan juya ta ta zama wata guba da likitoci ke kira asitaldihayid. Sa'an nan ta narkar da gubar ta zama abu marar cutarwa. To, akwai waɗanda aka haife su hawa na biyun nan ba shi da ƙarfi a jikinsu, sai gubar ta taru cikin jini. Wannan hali gado ne. A Sin da Japan da Koriya wajen mutum ɗaya cikin uku haka yake, fuskarsa takan yi ja wur. A shekarar 1981 masu bincike suka gano asalinsa a jikin Japanawa.

Magani ma yakan jawo haka. A shekarar 1948 likitoci a Denmak suka bayyana wani magani, Antabuse, wanda ke tare hawa na biyun, ana ba mashaya don su ƙi giya. Likitoci kuma suna hana shan giya ga mai shan Flagyl, maganin atuni, har sai kwana 2 sun wuce bayan ya gama.

Ga inda haɗarin yake. Mai wannan gado, in ya daure ya ci gaba da sha, zafin fuska ya iya raguwa, amma gubar ba ta fasa ɓarna ba. Ya fi sauran mashaya kusa da kamuwa da ciwon daji a hanyar da abinci ke bi zuwa tumbi.

Saboda haka, in ka ga waɗannan alamu a jikin wani, kada ka zuga shi ya ƙara. In numfashinsa ya toshe, ko leɓunansa suka kumbura, kai shi asibiti nan da nan. In kuwa a jikinka ne, ka bar ta ɗungum, gama jiki magayi ne.