Gemu Ba Ya Hana Ilimi

A gidajenmu da yawa akwai uba ko uwa da suka bar makaranta domin kuɗi ya gagara, ko kuwa renon 'ya'ya ya sha gabansu. Sun yi shekara 15 ko 20 suna aiki a asibiti, ko ofis, ko kanti, har su ne ke koya wa sababbin ma'aikata. Amma ran da za a yi ƙarin girma, sai a tsallake su a ba mai digiri. Abin yana da ciwo. Shin ilimin da mutum ya samu a bakin aiki ba shi da daraja ne?

A waɗansu ƙasashe jami'o'i suna auna irin wannan ilimi. A Amurka aka buɗe kwalejin Empire State a jihar New York a 1971, da kwalejin Thomas Edison a New Jersey a 1972, domin manya masu aiki. A 1974 kuma aka kafa ƙungiyar CAEL, wadda ta tsara ƙa'idodin wannan awo. A can, digiri na fari yakan bukaci kiredit 120, wato ma'aunin darussan da ɗalibi ya ci, darasi ɗaya kuwa yawanci kiredit 3 ne. Wanda ya nuna ya riga ya san abin da ake koyarwa a wani darasi, sai a ba shi kiredit ɗin ba tare da ya zauna a aji ba. Kuɗi ya ragu ke nan, lokaci kuma ya ragu. Faransa ma ta yi doka a 2002 wadda ta ba mutum dama ya nemi digiri ta wannan hanya, bayan ya tsaya gaban kwamitin masu jarrabawa.

Amma mu lura da babbar ƙa'ida. Jami'a ba ta ba da kiredit saboda yawan shekaru. Abin da mutum ya koya, ya kuma iya nunawa, shi ake aunawa. Domin wannan ne ɗalibi yake shirya kundin shaida.

Da fari, ya karanta bayanin darussan jami'ar, ya zaɓi wanda ya dace da abin da ya sani. A ce wata mace ta daɗe tana riƙe littafin kuɗi na wani ƙaramin asibiti. Darasin akanta na matakin fari shi ya kamata ta duba.

Na biyu, ta rubuta labarin koyonta. Nan ne yawancin mutane suke tuntuɓe. Idan ta ce, "Na riƙe kuɗi shekara 12," ba ta faɗi kome ba tukuna. Sai ta bayyana yadda take daidaita littafinta da takardar banki, da kuskuren da ta taɓa yi, da yadda ta gane shi, da dalilin da ya sa ake rubuta kowane kuɗi a wuri biyu. Malami yana so ya ga ta san dalilin aikin, har za ta iya yinsa a wani ofis dabam.

Na uku, ta haɗa shaida: takardar ɗaukar aiki, takardun kwas, samfurin aikin hannunta bayan ta share sunayen mutane, da wasiƙa daga shugaban da ya ga aikinta da idonsa. Gani ya kori ji. Daga nan malamin fannin zai duba kundin, ya ba da kiredit duka, ko kaɗan, ko ya hana.

Mu yi hankali da abu biyu. Kowace jami'a tana da iyakar kiredit da take bayarwa ta wannan hanya, akan kuma biya kuɗin dubawa, saboda haka a tambaya tun da wuri. Sa'an nan akwai 'yan damfara masu sayar da digiri da sunan "gwanintar rayuwa". Duk wanda ya yi mana alkawarin digiri ba tare da duba kome ba, mu guje shi.

A Nijeriya, hukumar NBTE mai hedkwata a Kaduna tana da tsarin auna gwanintar masu sana'a a ba su takardar shaida. Wannan ba digiri ba ne, amma shi ma shaida yake nema.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu fara tun yau. A sami babban ambulan, a tattara takardun Baba da na Mama, a ajiye inda gara da ruwa ba za su kai ba. Shugaban da ya san aikinmu yakan tashi, ofis kuma yakan rufe, don haka mu roƙi wasiƙarsa tun yana nan. Yaran da ke makaranta kuma su zauna da iyayensu da maraice, su taimake su rubuta abin da suka koya a wurin aiki.