Fita shan iska kan duwatsun kewayen Jimeta: inda za a je da lokacin da ya dace

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Jimeta ya dubi tsallaken kogin Binuwai, idonsa zai sauka a kan Dutsen Bagale, a yankin ƙaramar hukumar Girei. Mazauna garin sun saba ganinsa har sun daina lura da shi. Amma idan hutun makaranta ya zo, ko ranakun Sallah da Kirsimeti, maigida yakan fara tunanin inda zai kai iyali su yini, nesa da hayaniyar kasuwa da ƙarar Keke Napep, kuma a nan ne maganar hawa dutse take tasowa.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, yawancin duwatsun Adamawa ba wuraren shaƙatawa ba ne irin waɗanda aka kewaye, aka sa rumfuna da famfo da mai sayar da tikiti. Daji ne da gonaki da ƙauyukan mutane. Saboda haka duk abin da iyali za su buƙata a can, daga ruwan sha har tabarmar sallah, daga gida za su ɗauko shi.

Bagale ne mafi kusa, kuma shi ya fi dacewa da masu ƙananan yara, domin ana iya fita bayan sallar asuba a dawo kafin rana ta take. Dutse ne mai tarihi. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, kuma bayan shekara goma, a watan Yunin 1851, Bajamushen nan mai yawon duniya, Heinrich Barth, ya iso garin a zamanin Lamiɗo Lawal, ya kuma ambaci dutsen a littafin tafiye-tafiyensa. A wancan zamani tuddai irin wannan mafaka ne ga al'ummomin da ke gudun mahaya dawaki. Yaron da ya hau ya ga yadda ake hango kwarin Binuwai daga sama zai fahimci dalili ba tare da dogon bayani ba.

Wanda ke son tafiya mai ɗan nisa sai ya bi hanyar Mubi, ya wuce Girei zuwa Song, inda duwatsu uku ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, waɗanda takardun yawon buɗe ido ke kira Three Sisters, wato 'yan'uwa mata uku. Kyansu a ido yake. A zauna a gindinsu a ci abinci a ɗauki hoto ya wadatar, ƙoƙarin kai wa ƙololuwa kuwa aikin ƙwararru ne.

Sukur, da ke kan tsaunukan Mandara a ƙaramar hukumar Madagali, shi ne wanda sunansa ya fi fita, tun da hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, na farko a Najeriya. Akwai fadar Hidi, da hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu, da gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tsauni. Sai dai ba tafiyar yini ɗaya ba ce. Nisansa daga Yola ya kusa kilomita 300, sannan da ƙafa ake hawa, kuma yankin ya sha fama da hare-haren Boko Haram tun 2014. Mai niyyar zuwa sai ya shirya kwana, ya kuma nemi bayanin halin tsaro daga hukumomi kafin ya kama hanya.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar an hau dutse an tsere wa zafi. Lissafin bai nuna haka ba. Iska tana raguwa da kimanin digiri 6.5 ne a kowane hawan mita 1,000, Yola kuwa tana cikin kwari, ƙasa da mita 200 daga saman teku. Wanda ya hau mita 200 ko 300 bai samu sauƙin da ya wuce digiri ɗaya zuwa biyu ba. Sanyin da ake ji a sama na kaɗawar iska ne da inuwar itace. Shi kansa dutsen yana shan rana ya riƙe zafinta, har ya ƙona tafin hannun yaro da tsakar rana. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola kan haura digiri 40, fita irin wannan da yara ganganci ne.

Damina ma tana da nata haɗarin: santsin dutse, tsawa a kan tudu, da kwazazzabon da ke cika nan take. Hunturu yana da daɗin tafiya, amma hazo yakan rufe kogin da garin gaba ɗaya, a sha wahalar hawa a tarar babu abin kallo. Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, Binuwai na cike, sararin sama kuma garau.

Wannan lokaci na kaka shi ne kuma lokacin da macizai ke yawo. Kububuwa ta yi yawa a yankin Arewa maso Gabas, shi ya sa ma asibitin masu cizon maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara. A sa wa yara takalmi rufaffe, a hana su cusa hannu cikin kogon dutse ko ɗaga duwatsu. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana wanda aka ciza motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Batun guzuri ba shi da wuya. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai da soyayyen kifi suna jure yini. Kunun aya da fura da nono ba sa jurewa sai da ƙanƙara. Ruwa kuwa a ɗauki fiye da yadda ake zato, a haɗa da ƙunshin gishiri da sukari na kemis, domin yaro ba ya faɗin ƙishirwa sai ya galabaita.

Kafin a fara hawa, a tsaya a gaida Jauro ko Arɗon ƙauyen da ke gindin dutsen. Wannan ladabi ne, kuma tsaro ne, ganin yadda satar mutane don kuɗin fansa ta taɓa wasu yankunan karkarar jihar. Shi zai faɗi hanyar da ake bi, da gonar da ba a ratsawa, da wurin da mutanen gari ke girmamawa ba su yarda baƙo ya shiga ba, sau da yawa ma ya haɗa baƙi da matashin da zai yi musu jagora a sallame shi da ɗan abin goro. Kada a hura wuta a cikin busasshiyar ciyawa, a kwashe leda da robobin ruwa a dawo da su gida, a kuma fara saukowa da la'asar, yadda magariba za ta tarar da motar ta tsallako gada.