Igiyar da Ta Gyara Masana'antar Fremont

A shekarar 1982 kamfanin General Motors ya garƙame masana'antarsa ta haɗa motoci da ke Fremont, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya sallami dubban ma'aikata. Ba wanda ya yi mamaki. Tun da aka buɗe ta a 1963 take yin ƙaurin suna, har ta kai manyan kamfanin da jagororin ƙungiyar ƙwadago, waɗanda ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba, sun yarda cewa da wuya a sami wurin aiki da ya lalace kamarta a duk ƙasar.

A kullum mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa aiki, ranakun Litinin da Juma'a kuwa abin ya fi haka muni. Dole kamfanin ya riƙa ɗaukar ma'aikata fiye da buƙata don kawai a sami masu cike gurbi. Ana shan giya a bakin aiki, ana caca, ana sayar da ƙwaya. Ƙorafe-ƙorafen da ma'aikata suka shigar ba a warware ba sukan haura 5,000. Wanda ya ji haushin ogansa sai ya huce a kan mota: ya jefa kwalbar lemo cikin ƙofa kafin a rufe ta, don wanda ya saya ya yi ta jin ƙarar da bai san daga inda take fitowa ba.

Kowa ya ɗora laifin a kan ma'aikata. Amma akwai wata doka da ke mulkin wurin, wadda ba a cika ambato ba: layin da ke jan motoci ba ya tsayawa, komai ya faru. Ana auna manaja da yawan motocin da suka fita, ba da kyawunsu ba. Idan noti ya ƙi ɗauruwa, ma'aikaci ba shi da ikon yin komai sai ya bar motar ta wuce. Na gaba ya ɗora kujera a kai, na gaba da shi ya rufe da kafet. Sai a can ƙarshe masu duba aiki su ware motocin da suka lalace, a jere su a fili, kanikawa su bi su suna kwancewa suna gyarawa. Abin da idonsu bai gani ba kuwa, mai saye ne zai gano shi a kan hanya. Mutumin da aka hana shi gyara aikin da ya san ya ɓaci, yau da gobe sai zuciyarsa ta mutu.

A daidai wannan lokaci motocin Japan sun addabi kasuwar Amurka, ga araha ga ƙarko. Daga 1981 aka matsa wa Japan ta taƙaita motocin da take turawa zuwa miliyan 1.68 a shekara. Toyota ta ga ba makawa sai ta fara ƙira a cikin Amurka, General Motors kuma tana son sanin sirrin ƙera ƙaramar mota mai inganci. A 1983 shugabannin kamfanonin biyu, Roger Smith da Eiji Toyoda, suka ƙulla yarjejeniya: za a sake buɗe Fremont da sunan NUMMI, kowa da rabin hannun jari, amma Toyota ce za ta tafiyar da aiki.

Sai ga abin da ya girgiza mutane. Ƙungiyar ƙwadago ta dage sai an maido da 'ya'yanta, Toyota kuma ta amince. Kusan kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka fara ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne, har da jagororin da suka sha kiran yajin aiki. A 1984 aka riƙa kwasarsu rukuni-rukuni zuwa masana'antar Takaoka da ke birnin Toyota, har mutum wajen 450, kowa ya yi 'yan makonni yana aiki kafaɗa da kafaɗa da Japanawa.

Abin da ya fi ɗaure musu kai a can wata igiya ce da ke rataye a saman kowane ma'aikaci, tun daga farkon layi har ƙarshensa. Duk wanda ya ga matsala, ko shi ya jawo ta ko ya tarar da ita, sai ya ja igiyar. Nan take fitila ta kama a allo, wani ɗan kiɗa ya tashi, shugaban rukuni ya rugo. Ba faɗa ya kawo shi ba, taimako ya kawo shi. In sun shawo kan abin kafin motar ta kai wata alama da aka zana, aiki ya ci gaba. In ba su shawo kansa ba, layi ya tsaya cak sai an gyara. Ƙaramin ma'aikaci ke nan yake da ikon da a tsohuwar Fremont ko ogansa ba ya kusantarsa.

Wannan tunani ya girmi motocin Toyota. Sakichi Toyoda, wanda kamfanin Toyota ya samo asali daga sana'arsa, injin saƙa yake ƙerawa. Injinsa na 1924 yakan tsaya da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Daga baya Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya shimfiɗa wannan ƙa'ida a kan haɗa mota. Lissafin a bayyane yake. Noti da aka gyara a inda ya ɓaci 'yan daƙiƙu yake ci. Wanda aka binne a ƙarƙashin kujera da kafet sai an kwance rabin mota. Sannan idan an tsaya a take, sawun ɓarnar yana nan ɗanye, ana iya bin sa har gida.

Bin sawun nan shi ne rabin aikin. Ohno ya koya wa mutanensa su tambayi dalili har sau biyar. Me ya sa notin bai ɗauru ba? Na'urar ɗaurewa ba ta da ƙarfi. Me ya rage mata ƙarfi? Iska na zurarewa daga tiyo. Me ya huda tiyon? Yana gogar ƙarfe duk lokacin da aka jawo shi. Ka ga maganin ba zagin ma'aikaci ba ne, sauya wa tiyo hanya ne, kuma da an sauya, matsalar ta tafi ke nan.

Da ma'aikatan Fremont suka dawo gida, sai aka raba su ƙananan rukunai na mutum biyar ko shida, kowane da shugabansa. Rabe-raben aiki wajen 80 da ake taƙaddama a kansu aka dunƙule su zuwa 'yan kaɗan. A da injiniyoyi ne ke tsayawa a kan ma'aikaci da agogo suna ƙirga motsinsa. Yanzu agogon ya koma hannun ma'aikata, su suke auna aikinsu, su rubuta hanya mafi kyau mataki-mataki, kowa ya bi ta, wanda ya gano wadda ta fi ta a sauya. Manaja da lebura suka koma cin abinci a ɗaki ɗaya, suna ajiye mota a fili ɗaya.

A watan Disamba na 1984 mota ta farko ta fito, Chevrolet Nova. Kafin ƙarshen 1986 babu masana'antar General Motors da ta kai Fremont yawan aiki a kan kowane ma'aikaci, ingancin motocinta kuwa ya kusa kamo na Takaoka. Ƙin zuwa aiki ya faɗo ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. Gini bai sauya ba, mutane ba su sauya ba.

Gwaji na gaskiya ya zo a 1988, lokacin da kasuwa ta ja baya har masana'antar ta koma aiki da kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙarfinta. A tsohon zamani takardar sallama ce za ta biyo baya. NUMMI ta riƙe alkawarin da ta ɗauka, ba ta kori kowa ba. Waɗanda aiki ya yi wa kaɗan aka tura su horo da gyare-gyaren tsari. Nan ma'aikata suka tabbata cewa wanda ya kawo dabarar rage wahala ba kabarin aikinsa yake haƙawa ba.

Abin takaici, General Motors ta daɗe ba ta ci moriyar darasin ba. Ta zuba biliyoyin daloli a kan na'urori masu aiki da kansu. A masana'antarta ta Van Nuys an gwada kwaikwayon tsarin, amma manajoji na tsoron a tsayar musu da layi, ma'aikata kuma ba su yarda da manajoji ba. Aka rufe ta a 1992. Rataya igiya abu ne mai sauƙi, amanar da ke sa mutum ya ja ta ba tare da fargaba ba ita ce ba a saye a kasuwa. Sai da aka shafe shekaru kafin tsarin ya ratsa kamfanin, lokacin kuwa kasuwa ta yi nisa. A 2009 General Motors ta durƙushe ta janye hannunta, ranar 1 ga Afrilu, 2010 wata jar Corolla ta zama mota ta ƙarshe, bayan an ƙera kusan miliyan 8. A wannan shekarar kamfanin Tesla ya sayi ginin.

Har yau aikin mutanen nan yana yawo a titunanmu. Pontiac Vibe da ake shigowa da ita daga Amurka a Fremont aka haɗa ta, haka ma duk Corolla da lambar shasinta ta fara da 1NX. Hannuwan da aka ce ba za su gyaru ba su suka ɗaure notocinsu.

Don haka, kai mai masana'anta, ko ta mutum dubu ce ko ta mutum goma, kafin ka ce yaranka ba su iya aiki ba, tambayi kanka: in ɗayansu ya ga aibi yau, yana da ikon tsayar da aiki? In ya tsayar, godiya zai samu ko tsawa? Tun ran gini ran zane. Inganci a hannun mai yin aiki ake gina shi, mai dubawa a ƙarshe ɓarna kawai yake ƙirgawa.