Tuddan Murjani a Duhun Teku: Binciken da Ya Fi Ƙarfin Jirgi Ɗaya

A watan Janairun 2024 masana a Amurka suka sanar da cewa sun kammala taswirar yankin tuddan murjani mafi girma da aka taɓa sani a ruwa mai zurfi. Yankin yana kan wani shimfiɗaɗɗen tudu da ake kira Blake a ƙarƙashin Tekun Atilantika. Ya taso daga daura da birnin Miami ya miƙa arewa har daura da Charleston, tsawon kusan kilomita 500, faɗinsa kuwa a wani wurin ya kai kilomita 110. Tuddan da aka ƙirga a cikinsa 83,908 ne. Wanda ya ji labarin zai zaci wani jirgi ne ya fita wata rana ya yi gamo da katar, amma ba haka aka yi ba. Ɗaya daga cikin masanan, Derek Sowers, da abokan aikinsa sun tattaro sakamakon awo 31 da aka yi tsakanin 2003 da 2021, suka ɗinke su wuri guda, sannan suka gwada abin da taswirar ta nuna da hotunan da na'urori suka ɗauko a nutso 23. Kowane awo shi kaɗai guntu ne. Sai da aka jera su gefe da gefe girman abin ya bayyana.

Nutsewa cikin teku aiki ne mai wuya da tsada, babu musu. Amma a wannan fage abin da ya fi ba masana ciwon kai shi ne yadda za a sa mai awon zurfi da masanin duwatsu da masanin halittu da masunci da kamfanin mai su yi aiki a kan tsari ɗaya, kowa ya fito da abin da ke hannunsa.

Murjani dabba ce, ko da yake kallo ɗaya mutum zai ce reshen itace ne ko dutse. Ƙananan halittu ne masu baki ɗaya da 'yan yatsu kewaye da shi, kowace tana gina wa kanta ƙoƙon alli ta zauna a ciki, ƙoƙon wannan manne da na waccan. Wanda aka saba gani a talabijin, mai launuka a ruwan ɗumi, da hasken rana yake rayuwa. Na ruwa mai zurfi bai san rana ba. Yana zaune ne a zurfin ɗaruruwan mitoci, wani wurin har fiye da mita 1,000, cikin duhu da sanyin da bai cika wuce digiri 4 zuwa 12 ba, yana cafkar ɗan abincin da ruwa mai gudu ke kawo masa. Jinsin da ya fi gina tuddai shi ne Lophelia pertusa, wanda masanin halittu Linnaeus ya fara bayyanawa a 1758. Girmansa a shekara daga 'yan milimita ne zuwa santimita biyu da rabi. Masu rai suna can sama, matattun rassa suna ƙasa suna tare laka da yashi, a haka tudun ke tashi kamar suri, ƙananan magina suna ta ɗora gini a kan gini har ya fi gidan bene tsawo. Tuddan da ke gaɓar Norwe sun soma ne kimanin shekara 8,000 da suka wuce, bayan ƙanƙara ta janye. A cikin saƙo da lungu na rassan ne kifi da ƙaguwa da jatan lande da soson ruwa ke fakewa, kuma an lissafa jinsin halittu fiye da 1,300 da ke rayuwa a irin waɗannan tuddai a arewa maso gabashin Atilantika.

Tauraron ɗan'adam ba ya ganin ƙasan teku, domin haske ba ya yin nisa a ruwa. Da sauti ake gani. A cikin jirgi akwai na'urar da ke aika ɗaruruwan layukan sauti ƙasa lokaci guda, ta saurari amsa-kuwwa, ta lissafa zurfi daga lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya dawo. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, sai dai gudun yana sauyawa da sanyi da gishiri, don haka dole a riƙa jefa ma'auni a kai a kai ana gyara lissafi. In aka yi sakaci, taswirar sai ta lanƙwashe a gefe. Jirgi ya tafi ya dawo a layi-layi, dare da rana, kowane layi yana hawa gefen na kusa da shi don kada a bar giɓi.

Taswira tana nuna tudu ne kawai, ba ta faɗin ko murjanin da ke kansa yana da rai. Wannan aikin kyamara ne. Ana saukar da butum-butumin nutso ɗaure da doguwar waya, matuƙinsa yana zaune a wani ɗaki mai duhu a cikin jirgi, allunan talabijin a gabansa. Fitilun na'urar 'yan mitoci kaɗan suke haskawa, sauran duk baƙi ƙirin. A tsakiyar hoton za a ga ɗigo biyu na hasken leza, galibi tazarar santimita 10 a tsakaninsu, da su ake auna girman duk abin da ya gitta. Masanin halittu yana gefe yana kiran sunan abin da ya gani, wani yana rubutawa da lokaci da wuri. In an ga abin da ba a gane ba, matuƙi ya miƙa hannun ƙarfe ya karyo ɗan reshe ya sa a akwati, domin a ƙarshe sai an kai shi ɗakin gwaje-gwaje kafin a tabbatar da jinsinsa. Yini guda na nutso 'yan kilomita kaɗan yake ci, alhali kuɗin riƙe babban jirgin bincike a kullum dubban daloli ne masu yawa. Shi ya sa jerin aikin ba ya karɓar kuskure. Wanda ya saukar da kyamara kafin taswira ta fito, lalube yake yi da kuɗin jama'a.

Ƙasar da na ga ta fi kowa gane wannan ita ce Norwe, kuma ita ma sai da ta sha wuya. Masuntanta sun daɗe da sanin inda murjani yake, don a nan mamarinsu ke kama kifi, a nan kuma ragarsu ke sarƙewa. A 1982 kamfanin mai na Statoil, yana awon hanyar da zai shimfiɗa bututu, ya ɗauko hoton wani tudu mai rai. A shekarun 1990 masu mamari da raga suka fara kuka cewa manyan jiragen da ke jan taru a ƙasan teku suna niƙe wuraren kamunsu. Irin wannan taru yana da ƙofofin ƙarfe masu nauyin tan-tan da jerin tayoyi a bakinsa, in ya bi ta kan tudu sai ya bar tsakuwa. Cibiyar Binciken Teku da ke Bergen ta haɗa bayanan masunta da na kamfanin mai da nata hotunan, ta ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na tuddan ƙasar sun taɓu. A 1999 aka hana jan taru a tudun Sula. Tudun Røst kuwa, mai tsawon kusan kilomita 40 kusa da tsibiran Lofoten, sai a 2002 aka gano shi, a ruwan da aka shekara ɗaruruwa ana su a samansa.

Daga nan aka kafa shirin MAREANO a 2005, aka raba aiki tsakanin hukumomi uku. Hukumar taswira ta ƙasa ta fara auna zurfi. Hukumar binciken ma'adinai da duwatsu ta karanta yanayin ƙasan, ta ce nan laka ce, nan tsakuwa, nan dutse. Sannan cibiyar Bergen ta zaɓi wuraren da za a saukar da kyamara a ɗebi samfur. Sakamakon yana fita a intanet kyauta, kuma da shi gwamnati ke amfani wurin yanke shawarar inda za a haƙa mai da inda za a bari. Babu wata na'urar mamaki a shirin da sauran ƙasashe masu arziki ba su da ita. Abin da ya bambanta shi, kasafi ɗaya ne da jadawali ɗaya, kuma ba a yarda wata hukuma ta kulle bayananta a durowa ba.

Akwai wata matsalar da ba ta shiga labarai, alhali tana cin shekarun mutane. Jirgi ya dawo da ɗaruruwan awoyi na bidiyo, sai wani ɗalibi ya zauna ya kalle su daƙiƙa bayan daƙiƙa yana sa suna. Halittu da yawa ba a iya tantance su daga hoto, don haka wannan cibiya ta ba wani soso lamba, waccan ta ba shi wata lambar dabam, in aka zo haɗa bayanai sai soso ɗaya ya zama biyu. Shi kansa Lophelia, bayan binciken ƙwayoyin gado a 2016, an mayar da shi Desmophyllum pertusum, kuma har yau rubuce-rubuce suna ɗauke da sunayen biyu. Saboda irin wannan ne ake da rajistar sunayen halittun teku ta WoRMS da rumbun bayanai na OBIS. Yanzu ana koya wa kwamfuta ta gane halittun da kanta, amma ita ma daga sunayen da mutane suka sa take koyo, kuskurensu ya zama nata. Amurkawa sun rage wani ɓangare na wahalar ta wata hanya: jirgin Okeanos Explorer na hukumar NOAA yana watsa nutsonsa kai tsaye ta tauraron ɗan'adam, masanin soso yana ofishinsa a wata nahiya yana gaya wa matuƙi ya ɗan matsa kusa.

Amfanin ajiye bayanai a tsare yana fitowa ne ranar da ɓarna ta auku. Bayan fashewar rijiyar Deepwater Horizon a Mashigin Tekun Meziko a 2010, an tarar da murjani a zurfin kusan mita 1,370, kilomita 11 daga rijiyar, lulluɓe da wata dauɗa mai ruwan ƙasa yana mutuwa. Abin da ya ƙarfafa hujjar masana shi ne, kafin hatsarin sun riga sun yi nazarin wasu wurare a mashigin, suka koma suka same su lafiya lau, aka sami abin gwadawa. Tuddan Darwin da ke arewa maso yammacin Sikotilan kuwa, awon da kamfanonin mai suka biya ne ya gano su a 1998, Tarayyar Turai ta hana jan taru a wurin a 2003. Da aka koma a 2011 an ga masu jirage sun bi doka, amma ɓangaren da taru ya riga ya bi ta kansa da ƙyar aka ga alamar farfaɗowa. Ba don an koma kan wuraren da aka auna tun farko ba, da an ci gaba da zaton hani kaɗai ya warkar da komai.

Yammacin Afirka ma yana da nasa. A gaɓar Muritaniya akwai jerin tuddan murjani mai tsawon kimanin kilomita 400, wasu tsayinsu ya kai mita 100, kuma awon neman mai ne ya fara fito da su. A 2012 jirgin Dr. Fridtjof Nansen, wanda Norwe ke gudanarwa tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ɗauki hoton wani tudu mai rai a ruwan Ghana, a zurfin mita 400, tsawonsa mita 1,400, tsayinsa mita 70, shekarunsa sun haura 20,000. A 2016 jirgin Jamus mai suna Meteor ya tarar da tuddai masu rai a ruwan Angola, inda iskar shaƙa ta yi ƙarancin da a da ake zaton murjani ba zai jure ba. Duk jiragen nan na baƙi ne, kuma a ganina a nan gizo ke saƙar, domin wanda ya riƙe jirgi da rumbun bayanai shi ke zaɓar abin da za a duba da lokacin da za a dawo.

Nijeriya tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, rundunar sojan ruwa ta karɓi jirgin awo NNS Lana a 2021, kuma tun 2005 ake haƙo mai a filin Bonga, a ruwan da zurfinsa ya wuce mita 1,000. Ba a kafa rijiya ko a shimfiɗa bututu a irin wannan zurfi sai an auna ƙasan teku dalla-dalla, wato akwai taswirori masu kyau na ruwanmu a kwamfutocin kamfanoni. Shirin Seabed 2030, wanda gidauniyar Nippon ta Japan ke ɗaukar nauyinsa, ya fara a 2017 lokacin da kashi 6 cikin ɗari kacal na ƙasan tekun duniya ke da taswira ta zamani. Zuwa 2024 ya haura kashi 26, kuma babban rabo na ƙarin ya zo ne daga tsofaffin bayanan da gwamnatoci da jami'o'i da kamfanoni suka yarda suka saki. Hukumar da ke ba da lasisin haƙar mai tana iya sa sharaɗi cewa bayan wasu shekaru a miƙa kwafin awon zurfi ga cibiyar bincike ta ƙasa. Wannan ba ya buƙatar sayen jirgi, kuma daga irin taswirorin ne masana za su san inda ya cancanci a saukar da kyamara in Nansen ya sake biyowa ta Mashigin Tekun Gini.