Tsofaffin Motocin Tsere: Me Masu Tarawa Suke Saye da Miliyoyi?

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kogin Neja ranar Rigata a Yawuri ya san abin da tsere yake yi wa zukatan mutane. Jirage su jeru, matuƙa su duƙa, kafin ka ankara mutumin da bai san kowa a cikinsu ba ya zaɓi nasa yana ta kururuwa. Aikin da ba a gani shi ne na bayan an watse, lokacin da mai jirgin da ya zo na baya zai koma ya duba inda ya yi nauyi, ya rage faɗi, ya gyara baki. Mota ma ta wannan hanya ta girma. Mu dai ta zo mana a gama, da fenti da kujeru, shi ya sa ba kowa ya san cewa taya da birki da injin da muke takawa yau a fagen tsere aka wahala a kansu ba.

Karl Benz na Jamus ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku a 1886. Shekara takwas kacal bayan haka, ranar 22 ga Yuli 1894, wata jaridar Faransa mai suna Le Petit Journal ta tara motoci 21 su tashi daga Faris zuwa Rouen, tafiyar kilomita 126. Alƙalan gasar ba gudu kaɗai suke nema ba. Motar da ba ta da haɗari suke so, mai sauƙin tuƙi, wadda ba ta cin kuɗi. Jules-Albert de Dion ne ya fara isa, amma motarsa da tururi take aiki, sai da mutum na biyu mai iza wuta, don haka aka hana shi babbar kyauta aka raba ta tsakanin kamfanin Peugeot da na Panhard et Levassor. Gudun da aka yi a jimlace bai kai kilomita 20 a awa ba, har ma an tsaya a hanya an ci abincin rana. Wannan Peugeot ɗin ita ce dai Fijon da muka sani, kuma za mu sake haɗuwa da ita.

Tsere na haƙiƙa sai a shekarar da ta biyo baya, 1895: daga Faris zuwa Bordeaux a dawo, kilomita 1,178. Émile Levassor ya yi wannan tafiya cikin ƙasa da awa 49, kusan duka shi ne riƙe da abin tuƙi, dare da rana, a hanyar da dawaki da amalanke suka saba bi. Shi ma bai karɓi kyautar farko ba, domin sharaɗi ya ce mota mai kujera huɗu, tasa kuwa biyu gare ta. Abin da ya fi jan hankalina a wannan gasa ba shi ba ne. Wasu 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, sun shigo da mota mai tayar iska a lokacin da sauran ke tafiya a kan ƙarfe ko daskararriyar roba. Tayoyin suka yi ta fashewa, suna tsayawa suna faci, lokaci ya ƙure musu. A idon 'yan kallo sun faɗi. Cikin 'yan shekaru kuwa babu motar tsere da ke fita ba da tayar iska ba. Duk mai faci da ke zaune a gindin bishiya a Wara ko Birnin Yawuri daga wannan faɗuwa sana'arsa ta samo asali.

Daga nan gudu ya yi ta ƙaruwa fiye da yadda hanya da hankalin mutane za su ɗauka. A 1899 Camille Jenatzy, ɗan Beljiyam, ya zarce kilomita 100 a awa, kuma da motar lantarki ya yi, abin da zai ba masu zaton motar batir sabon abu ce mamaki. A Mayun 1903 aka shirya tsere daga Faris zuwa Madrid. Jama'a suka cika hanya, ƙura ta rufe idon direbobi, motoci suka yi ta afkawa bishiyoyi da mutane. Fernand Gabriel ya isa Bordeaux da matsakaicin gudu na kusan kilomita 105 a awa, amma a bayansa an yi asarar rayuka, ciki har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa kamfanin Renault. Gwamnati ta tsayar da gasar a nan. Ba a ma yarda a sake tayar da injinan ba, dawaki ne suka ja motocin zuwa tashar jirgin ƙasa. Wannan ne ya tura tsere zuwa killatattun wurare: Grand Prix na farko kusa da Le Mans a 1906, filin Brooklands na Ingila a 1907, sai tseren mil 500 na Indianapolis a Amurka a 1911.

A hotunan wancan zamani mutum biyu za ka gani a mota. Na biyun bakanike ne, yaron mota. Shi ke buga famfon mai, ya ƙara wa inji baƙin mai ana cikin gudu, ya sauya taya, ya waiwaya ya faɗa wa direba wanda ke tafe a baya. Idan mota ta kife, haɗarinsu ɗaya, amma sunan direba ake rubutawa a jikin kofi. Ray Harroun, wanda ya lashe Indianapolis na 1911 da motar Marmon, ya fita shi kaɗai, ya ɗaura madubi a gabansa don ya riƙa ganin baya. Masu tarihi na gaskiya a yau suna wahala wajen tono sunayen waɗannan kanikawa, kuma a ganina wannan aiki ya fi goge fenti daraja.

Injinan farko da girma ake neman ƙarfinsu. Fiat ta ƙera wata mai suna S76 wadda injinta ya haura lita 28, alhali na Fijo 504 mai fetur da aka saba gani bai wuce lita 2 ba. Peugeot ce ta karya wannan tunani a 1912, da inji mai lita 7.6 da bawul huɗu a kowace silinda, Georges Boillot ya doke manyan motocin Fiat a Grand Prix na Faransa. Tsarin wannan inji ne yawancin ƙananan motocin yau suka gada.

To me ya sa ake tara su? Da farko ba wanda ya damu. Motar tsere da aka daina cin gasa da ita kaya ce kawai, a cire inji a sa wa wata, a sayar da ragowar ga masu narka ƙarfe. Yaƙe-yaƙen duniya biyu suka lamushe da yawa. Kaɗan da suka tsira su ne suka zama abin nema. A Ingila tun 1927 ake fitar da tsofaffin motoci daga Landan zuwa Brighton, yanzu kowace Lahadin farko ta Nuwamba, kuma ba a karɓar motar da aka ƙera daga 1905 zuwa sama. Ba tsere ba ne, isa lafiya shi ne nasara. Wannan sharaɗi na shekara ya haifar da wani fanni na ilimi, domin dole a samu masanan da za su duba lambar shasi da ta inji da takardun kamfani su tabbatar da shekarar mota.

Tarawa takan zama ciwo. A garin Mulhouse na Faransa wasu 'yan'uwa masu masaƙu, Hans da Fritz Schlumpf, sun yi shekaru suna sayen tsofaffin motoci a ɓoye, musamman Bugatti, suna jibgewa a wani ɓangare na masaƙa. Kasuwancin ya durƙushe, suka tsere Suwizalan, ma'aikatan da aka bari ba aiki suka shiga wurin a 1977 suka tarar da ɗaruruwan motoci a jere suna ƙyalli. Yau gidan tarihi ne na ƙasa, mai motoci sama da 400. Mai ziyara yana ganin kyau, amma waɗanda suka rasa abincinsu ba haka suka gani ba.

Kuɗin da ake zubawa kuwa sai wanda ya ji. A 2013 an yi gwanjon Mercedes W196 da Juan Manuel Fangio ya tuƙa a 1954 a kan fam miliyan 19.6. A 2022 wata Mercedes 300 SLR ta 1955, ɗaya daga cikin biyu kacal da aka ƙera irinta, ta tashi a kan yuro miliyan 135. Ƙarfe da roba da fatar da ke jikinsu ba su kai komai ba a cikin wannan farashi. Wata shari'a da aka yi a Landan a 1990 ta fito da abin da ake saye fili. Wani kamfani ya amince zai sayi Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a 1929 da 1930, a kan fam miliyan 10. Daga baya ya ja da baya, ya ce ai an sauya mata shasi da jiki da wasu sassa tun shekarun 1930, saboda haka ba ita ba ce. Alƙali ya ce ita ce, domin tarihinta bai taɓa yankewa ba: an san wanda ya yi kowane gyara, da lokacin da ya yi, da dalilinsa, kuma babu wata mota da za ta fito ta ce ita ce mai sunan. Salsala ake saye. Motar da ba ta da takarda, ba hoto, ba shaida, komai tsufanta kwanon ƙarfe ce.

Wani zai ce duk wannan labarin Turawa ne. Ƙasar Hausa tana ciki. A ƙarshen 1924 kamfanin Citroën ya turo motoci takwas masu sarƙa a baya irin ta katafila, suka keta Sahara daga Aljeriya, suka bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram suka nufi Tafkin Chadi, suna ɗaukar fim a hanya. Gwajin mota ne da talla, kuma hidima ce ga mulkin mallakar Faransa, wannan ba a ɓoye yake ba. A 1974 aka yi tsere daga Landan zuwa Munich ta cikin Sahara, kuma Kano ce iyakarsa ta kudu. Cikin motocin da suka tashi, da yawa suka ɓace ko suka lalace a hamadar Aljeriya, 19 suka ƙarasa. Citroën DS ta wasu 'yan Ostireliya ta zo ta ɗaya, ta biyu da ta uku da ta huɗu duk Peugeot 504 ne. A Janairun 1979 tseren Faris zuwa Dakar na farko ya ratsa Agadas da Yamai.

Fijo 404 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960, 504 kuma ta lashe shi a 1975, shekarar da aka fara haɗa ta a masana'antar Peugeot ta Kaduna. Wato motar da ta yi shekaru tana jigilar fasinja daga Kwantagora zuwa Yawuri, ta wuce Koko da Jega, da akori-kurar da ta sha ɗaukar albasa da busasshen kifin bakin Kainji, jinin masu tsere ce. Ƙarfin ƙafarta da direbobinmu suke yabo, irinsa ne ya sa ta yi nasara a lakar Kenya. Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barin ta. A jiharmu ta Kebbi ma akwai tseren motoci cikin shagulgulan bikin kamun kifi na Argungu. A bikin 2020 ayarin ya taso daga Abuja, ƙarƙashin hukumar ƙera motoci ta ƙasa da Jelani Aliyu yake shugabanta a lokacin, mutumin da ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya je Amurka ya zana Chevrolet Volt.

Waɗannan motoci suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan. A zo da gas a yanka, a ɗora a sikeli, a biya kuɗin kilo. Ba na zargin mai sayarwa, wanda yake neman kuɗin taki ko na asibiti ba zai zauna yana gadin tsatsa ba. Kada kuma wani ya ji ana ambaton miliyoyi ya ɗauka duk tsohuwar Fijo da ke bayan gida dukiya ce, an ƙera su miliyoyi, kuma yawancinsu ba za su taɓa yin tsada ba. Darajar da za su iya samu irin ta baƙar Marsandin Janar Murtala Muhammad ce da ke gidan tarihi na ƙasa a Legas. Irinta da yawa aka yi, amma ita ce aka harbe shi a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, kuma an san haka tabbas. Motar sarki, motar asibitin farko na gari, motar direban da ya buɗe wata hanya, duk suna da irin wannan nauyi a wurin mutanensu, muddin akwai shaida.

Haɗa shaidar ba ta cin kuɗi. A ɗauki hoton ƙaramin farantin da ke ɗauke da lambar shasi da ta inji, kada a yarda a cire shi. A adana tsofaffin takardun mota da rasiɗai da lasin, ko da sun yage. A nemo hotunan da aka ɗauka a jikinta ranar biki ko sallah, a rubuta shekara da wuri a baya. Mafi gaggawa shi ne a zauna da tsofaffin direbobi da kanikawa na tasha a naɗi muryarsu a waya: wa ya fara sayen ta, nawa, wace hanya ta bi, yaushe aka sauke inji, wa ya sauke. Ita kanta motar a shigar da ita inuwa, a ɗage ta a kan bulo don taya da ƙasa su rabu, a zubar da tsohon fetur, a toshe hanyar ɓeraye. Damshin bakin tafki yana cin ƙarfe da sauri, kuma rufe mota da leda yana tara mata gumi ne, gara rumfa mai shan iska.

Abu na ƙarshe shi ne wanda hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, wato kai ta wurin mai fenti a fesa mata sabon launi a sauya kujeru. Masu tarawa sun daɗe suna yin haka, yanzu sun juya. A 2024, a babban baje kolin tsofaffin motoci na Pebble Beach a Amurka, kyautar farko ta tafi ga wata Bugatti Type 59 ta 1934, tsohuwar motar tsere da Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa mallaka, wadda aka bar ta da tsohon fentinta da kujerunta da suka sha jiki. Karo na farko ke nan da motar da ba a sabunta ba ta lashe wannan kyauta.