Kufan Duwatsun Zuba da Zuma: Tsakanin Ayarin Baƙi da Nakiyar Masu Fasa Dutse

GWAGWALADA – Wata ƙaramar hanyar neman abinci tana tsirowa a gefen Babban Birnin Tarayya, ba tare da wata hukuma ta aza mata harsashi ba. A ranakun Asabar, musamman daga ɗaukewar ruwa zuwa ƙarshen hunturu, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa sukan yi ayari tun da sassafe, kowa da gorar ruwansa, su nufi duwatsun da suka kewaye birnin. Yawancinsu motsa jini da shan iska ne ke kai su. Amma a kan wasu daga cikin duwatsun akwai abin da ya fi iska daraja, wato kufan garuruwan da mutanen dā suka gina domin tsira da rayukansu.

Ga ayarin da ya tashi daga Gwagwalada, hanya ɗaya ce: babban titin da ya fito daga Lakwaja ya nufi Kaduna. Mota takan wuce Giri da Tungan Maje ta isa Zuba, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, a bakin iyaka da Jihar Neja. Da an ƙetare zuwa Madalla sai Dutsen Zuma ya tare ido, curi guda mai tsawon kusan mita 300 daga filin da ke gindinsa. Shi ne dutsen da aka buga hotonsa a bayan takardar Naira 100 da aka fitar a shekarar 1999. Mutane da yawa suna ɗaukarsa na Abuja ne, alhali kuwa a ƙasar Neja yake, kuma wannan rabuwar iko tana da tasiri a kan duk wani shiri da za a yi wa yankin.

Tafiyar gaske tana farawa ne inda kwalta ta ƙare. Akan bar mota a ƙauye, a gaisa da mai gari, a nemi izini, sa'an nan a ɗauki ja-gora, wanda galibi maharbi ne ko manomin da gonarsa ke gindin dutsen. Daga nan sai a bi ta gonakin doya da dawa, a ratsa ƙoramu, a shiga ciyawar da ta fi mutum tsawo in ba a riga an ƙone ta ba. Hawan yakan tilasta wa ayari ya koma layi ɗaya, domin hanyoyin ƙunci ne da su, wani wurin ma sai an kama da hannu, na gaba ya miƙo wa na baya sanda. Baƙo yakan ɗauka rashin gyara ne ya sa haka. Da gangan magabata suka zaɓi irin waɗannan wurare. Hanyar da mutum biyu ba za su jera a kanta ba, doki ba ya hawanta, kuma doki shi ne ƙarfin maharan wancan zamani.

Abin da ake tararwa a sama ba ya burge mai gaggawa. Babu soro, babu hasumiya. Sai mutum ya natsu zai lura da duwatsun da aka jera su a da'ira, inda ɗaki ya taɓa tsayawa, da ƙananan duwatsu da aka kakkafa domin ɗora rumbu kada gara ta ci hatsi. Akwai ramukan niƙa da hannuwan mata suka ƙwaƙule a jikin falalen dutse shekara da shekaru, akwai tsingaron tukwane birjik, a wasu wuraren kuma har da kashin maƙera da ragowar katangar dutse da aka gina ba da laka ba, a daidai inda hanya ta fi sauƙin hawa. Mai gari da rumbunsa da ruwansa suna sama, gona tana ƙasa. Idan mai tsaro ya hango ƙura, sai a buga ganga, kowa ya bar fartanya ya haye.

Tarihin da ya tura jama'a kan duwatsun nan sananne ne. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa, sun daɗe a wannan ƙasa kafin ƙarni na 19. Da jihadi ya ci Zariya a farkon ƙarnin, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka a Zuba wurin Koro, ya ci gaba da yaƙi daga can har aka kashe shi a kusa da Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar Jatau, wanda aka fi sani da Abu Ja, shi ne ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Daga nan har zuwan Turawa ƙasar ba ta huta ba. Rundunonin Zariya suna kawo hari daga arewa, Umaru Nagwamatse na Kwantagora da ɗansa Ibrahim suna farautar bayi a ƙasar Gwari daga yamma, ita kanta Abuja ba ta kasance kanwar lasa ga maƙwabtanta ba. Kirarin Dodon Gwari da aka yi wa Sarki Ibrahim, wanda ya mutu a hannun sojan Ingila a 1902, ya isa shaida. Talakan da ke tsakanin waɗannan manya ba shi da ganuwar da ta wuce dutse da kurmi. Shi ma Zuma, da surƙuƙin dajin da ya taɓa rufe gindinsa, mafaka ne, kuma wurin tsafi ne da Koro ke tsaronsa, ba kowa ke kusantarsa ba.

Bayan 1902 hare-hare suka lafa, kasuwa da hanya suka jawo mutane ƙasa, mulkin mallaka kuma ya fi son talaka a inda mai karɓar haraji zai same shi. Ƙauyuka suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Ke nan yawancin kufan nan ba su daɗe ƙwarai da zama kufai ba, kuma jikokin masu su suna nan a gindin dutse, wasu ma har yau suna hawa domin al'adun gargajiya. Wannan ne ya sa neman izini ba ladabi ba ne kawai. Akwai wuraren da ba a yarda baƙo ya taka ba.

Ta fuskar kasuwanci, kuɗin da irin wannan ayari ke kashewa ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da cinikin manyan otal-otal na tsakiyar Abuja, amma suna shiga hannun da ba safai kuɗin birni ke kaiwa gare shi ba. Akwai direban bas da aka yi shatarsa, akwai ja-gora, akwai 'yan banga da ke raka ayari, akwai mai dafa abinci da mai sayar da ruwa. A hanyar dawowa akan tsaya a kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Zuba, ko a sayi tukwane a Giri. Sana'ar tukwane kuwa tana da suna a yankin tun daga Ladi Kwali, 'yar garin Kwali da ke maƙwabtaka da Gwagwalada, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja a 1954, hotonta kuma yake kan takardar Naira 20. Masu zuwa ma ba a rasa su ba. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Gwagwalada mutum fiye da 157,000, garin ya bunƙasa ƙwarai tun daga lokacin, ga Jami'ar Abuja da aka kafa a 1988 da asibitin koyarwarta suna tara matasa da ma'aikata masu neman inda za su shaƙata a ƙarshen mako.

Sai dai rabon bai daidaita ba. Mai shirya tafiya yakan tara kuɗin kujera a birni ta wayar salula, ya biya mota, ya cire ribarsa, abin da ya rage wa ƙauye sai goro. Babu tsayayyen farashi na ja-gora, babu rasit, babu asusun gari. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ƙara cinye kaso mafi tsoka, kuma idan za a rage wani abu, na ɗan ƙauye ake fara ragewa, domin shi ne ba ya cikin zaman da aka yi ciniki.

A nan ne babbar matsalar take, domin dutsen yana da wani mai saye. Tun da dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ta kafa Babban Birnin Tarayya, aka kuma dawo da mazaunin gwamnati a ranar 12 ga Disamba 1991, gini bai tsaya ba a Abuja, kuma kowane bene da kowane titi tsakuwa yake ci. Kamfanonin fasa dutse suna da lasisi, suna da nakiya da injuna, suna biyan gwamnati kuɗin shiga, suna ɗaukar leburori, tifa kuma tana ta safara dare da rana. A ƙarƙashinsu akwai mata da yara masu farfasa dutse da guduma suna tara shi tsibi-tsibi a bakin hanya. Duwatsun da kakanni suka riga suka tsinto suka jera sun fi kowanne sauƙin kwasa. Ga magidancin da ke neman kuɗin makarantar 'ya'yansa, lissafin a fili yake: tifa tana biya yau, baƙo kuwa sai ya ga dama. Da wuya mai adalci ya zarge shi. Illar wannan sana'a ta fito fili a watan Satumba na 2018, lokacin da ƙasa ta yi motsi a Mpape da kewayenta har hukuma ta dakatar da fasa dutse a wurin na wani lokaci, amma tsaron gidaje ne ya tayar da hankali a lokacin, ba a ji an tayar da zancen kufai ba.

Doka ma ba ta tsaya wa ɗan ƙauye ba. Dokar 1976 ta danƙa dukan filayen Babban Birnin Tarayya, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, a hannun Gwamnatin Tarayya. Da farko an ƙudura kwashe duk mazauna ƙasar zuwa wasu wurare, daga baya aka fasa saboda tsadar diyya, sai aka bar jama'a zaune a ƙasar kakanninsu ba tare da takardar mallaka ba. Wanda ba shi da tabbacin cewa gobe ba za a yanka dutsensa a ba wani ba, ba zai zuba ƙarfinsa wajen share hanya da gina rumfar baƙi ba. Akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ba ikon ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa, ta kuma haramta cinikin kayan tarihi ba da izini ba. Amma kariya ta fi ƙarfi a kan wurin da aka auna aka rubuta, kufan da ba ya cikin rajista kuwa a idon mai ba da lasisi dutse ne kamar kowane dutse.

Su ma baƙin ba su kuɓuta daga laifi ba. Wani yakan tsinci tsingaro ya jefa a jaka domin tunawa, wani ya rubuta sunansa da fenti a jikin falale, wani ya ture dutsen katanga domin ya sami wurin zama. Ga masanin kimiyyar tono, tsingaron da aka ɗauke daga inda yake ya rasa rabin labarinsa. Ƙasar nan kuwa ba ƙaramin labari take ɓoye da shi ba: a Taruga, kudu maso gabashin Abuja, Bernard Fagg ya tono matoyar tama ta al'adar Nok a shekarun 1960, wadda aka ƙiyasta ta girmi shekara 2,000.

Sa'an nan ga tsaro, wanda shi ne ke yanke hukunci na ƙarshe a kan ko ayari zai tashi ko ba zai tashi ba. A watan Fabrairu na 2017 an sace Jamusawa biyu masu binciken kayan Nok a Janjala ta ƙasar Kagarko, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu. A watan Nuwamba na 2021 'yan bindiga suka shiga gidajen ma'aikatan Jami'ar Abuja a Giri suka tafi da mutane. A watan Janairu na 2024 satar mutane a yankin Bwari ta girgiza birnin baki ɗaya. Bayan kowane irin wannan labari masu shirya tafiya sukan koma duwatsun da ke cikin gari, inda ake jin ƙarar motoci, kufan nesa kuma su koma hannun ciyawa. Abin takaici, siffofin da suka sa dutse ya zama mafakar talaka jiya, wato wuyar hawa da hangen nesa da kogo, su ne ke jawo ɓarayin daji a yau.

Akwai misalai da za a duba. Sukur, a tsaunukan Mandara cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, ita ce wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin kayan tarihin duniya, a 1999, saboda hanyoyinta na dutse da fadar Hidi da gonakin matakala. Harin Boko Haram na 2014 ya katse zuwan baƙi. A ƙasar Mali, tsaunin Bandiagara na Dogon, wanda shi ma mafaka ce daga mahara, ya shiga jerin a 1989, kuma ƙauyuka da dama sun rayu a kan aikin ja-gora da saukar baƙi da sayar da sassaƙa, har rikicin da ya ɓarke a 2012 ya ƙafar da kasuwar. A wuraren biyu, a lokacin da abin ke tafiya, mutanen gari ne ke riƙe da hanya, su ne kuma ke karɓar baƙo.

Abin da yankin Zuba da Zuma yake bukata a matakin farko bai kai kuɗin gina otal ɗaya ba: a zaga duwatsun a rubuta abin da ke kansu kafin a ba da sabon lasisin fasa dutse, a tsayar da kuɗin shiga da na ja-gora tare da hakimai da masu unguwanni, a horar da samarin ƙauyuka su iya ba da tarihin garinsu da bakinsu. Sassan tarihi na Jami'ar Abuja da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna da ɗaliban da za su iya aikin aunawa. Wahalar ita ce sai Hukumar Babban Birnin Tarayya da Gwamnatin Jihar Neja da ma'aikatar ma'adinai sun zauna a tebur guda, domin duwatsun sun ratsa iyaka, lasisin fasa su kuma daga Gwamnatin Tarayya yake fitowa.