Yadda tarihin haihuwa ke bayyana matsalar fitsari ga mata

Idan mace daga Goronyo, Wurno ko Rabah ta je asibiti da kukan zubar fitsari, likita kan fara da tambayoyin haihuwa. Sau nawa ta haihu? Naƙudar ta ɗauki awa nawa? A gida ko a asibiti? Jaririn ya zo da rai? Amsoshin ne ke bambanta larurori biyu da jama'a kan ɗauka abu guda ne.

Ta farko tana samun matan da suka yi haihuwa da yawa, musamman a kurkusa. Kowane ciki yana danne tsokar da ke tallafe da mafitsara, kowace haihuwa kuma tana ƙara sassauta ta. Sai fitsari ya riƙa ɗiga yayin tari, dariya, daka ko ɗaukar tulu, kuma yakan ƙaru bayan ɗaukewar haila. Atisayen matse tsokar ƙugu kullum yana rage shi ga mata da dama.

Ta biyu ita ce yoyon fitsari, wadda doguwar naƙuda ke haifarwa. Idan kan jariri ya maƙale kwana ɗaya ko biyu, yakan matse mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har jini ya daina kai wa wurin. Naman ya mutu, ya zube bayan 'yan kwanaki, ya bar ƙofa, fitsari ya yi ta zuba dare da rana. Yarinya mai haihuwar fari ta fi shiga haɗari, domin ƙugunta bai gama buɗewa ba, kunya kuma kan sa ta ɓoye naƙuda. Yankan gishiri ma yana jawo larurar.

Ana warkewa. Asibitin Mata da Ƙananan Yara na Maryam Abacha a Sakkwato da cibiyar Babbar Ruga a Katsina suna yin aikin gyara. Idan aka je da wuri, robar fitsari kaɗai kan rufe ƙaramar ƙofa cikin 'yan makonni. Wadda aka yi wa gyara, haihuwarta ta gaba a asibiti ce, ta hanyar tiyata.

Ƙa'idar da ungozomai ke koyarwa mai sauƙi ce: kada rana ta fito sau biyu mace tana kan gwiwa. Maigidan da ya tanadi kuɗin mota tun lokacin awon ciki ya yi rabin maganin.